Wanzami ba ya son jarfa: dalilin da ya sa sojan Amurka bai taɓa tsayawa gaban kotun Hague ba

Tambaya: Malam, mun ga an kai Laurent Gbagbo kotun duniya, an ba da sammacin kama Umar al-Bashir, an ɗaure madugun 'yan tawaye daga Kongo da Yuganda. Amma sojojin Amurka da suka yi ɓarna a Iraƙi da Afghanistan ko ɗaya ba mu ji an kai shi ba. Shin doka ce ta keɓe su, ko fin ƙarfi ne kawai? Abin yana ƙona mini rai, har ina ganin gara ƙasashenmu duk su fice daga kotun.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙunar ranka tana da tushe, kuma ba zan ba ka haƙuri a kanta ba. Sai dai tambayarka ta haɗa abu biyu da shari'a ta raba, don haka mu fara warware su.

Iraƙi da Afghanistan ba hukuncinsu ɗaya ba. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wadda ake kira ICC, mai zama a birnin Hague, tana samun hurumi ne ta ƙofa uku: ko laifin ya faru a ƙasar da ta shiga Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ko wanda ake zargi ɗan irin wannan ƙasa ne, ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa mata batun. Iraƙi ba ta shiga ba, Amurka ba ta shiga ba, kuma Amurka tana da kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu. Saboda haka abin da ya faru a kurkukun Abu Ghraib ko a garin Haditha, duk muninsa, ƙofofin nan uku a rufe suke a kansa. Afghanistan kuwa ta shiga, yarjejeniyar ta fara aiki a kanta ranar 1 ga Mayu 2003. Tun daga ranar, duk wanda ya aikata laifin yaƙi a ƙasar Afghanistan yana ƙarƙashin hurumin kotun, ko fasfon wace ƙasa yake riƙe da shi. A Iraƙi za ka iya cewa giɓin doka ne ya ba su mafaka. A Afghanistan doka tana nan daram, hannu aka sa aka danne ta.

Hujjar Amurka ita ce yarjejeniya ba ta ɗaure wanda bai shiga cikinta ba. Wannan ƙa'ida ce ta gaskiya a dokar ƙasa da ƙasa, ina koya wa ɗalibai ita kowace shekara. Amma ƙasashe take ɗaurewa ko ta saki, ba ta wanke mutum ɗaya da ya je ƙasar wasu ya yi laifi. Idan Ba'amurke ya kashe mutum a Kano, kotun Kano ce za ta yi masa shari'a, ba wanda zai ce sai an nemi yardar Washington. Abin da Afghanistan ta yi kawai shi ne ta ɗauki wannan iko nata ta ba wata kotu amanarsa tare da sauran ƙasashe. Ita ma Amurka ba ta riƙe wannan hujja sai ranar da ta yi mata amfani. Sudan ba ta cikin kotun, amma a Maris 2005 Amurka ta ƙi hawa kujerar naƙi, ta bar ƙuduri mai lamba 1593 ya wuce aka miƙa batun Darfur. Libiya ba ta ciki, amma a Fabrairu 2011 Amurka ta kaɗa ƙuri'ar amincewa aka miƙa Gaddafi. Rasha ba ta ciki, amma da aka ba da sammacin kama Putin a Maris 2023 kan yaran Yukiren, Shugaba Biden ya ce hakan ya dace. Dalilin da ya ba kotu hurumi kan Putin, wato laifi a ƙasar da ta amince da kotun, shi ne dalilin da ya ba ta hurumi kan jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, a Afghanistan, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Wanzami ne dai ba ya son jarfa. Kuma duk ƙudurorin nan biyu, na Darfur da na Libiya, an cusa musu sakin layi na 6 da ke keɓe 'yan ƙasashen da ba sa cikin kotun idan sun je aiki a can.

Garkuwar ba rana ɗaya aka ƙera ta ba. A taron Roma, ranar 17 ga Yuli 1998, ƙasashe 120 suka amince, 21 suka ƙaurace, 7 suka ƙi, Amurka tana cikin bakwai ɗin tare da Sin da Isra'ila. Bill Clinton ya rattaba hannu ranar 31 ga Disamba 2000, ranar ƙarshe da aka bari a buɗe, amma bai kai wa majalisar dattawa ba. A Mayu 2002 gwamnatin George Bush ta aika wa Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, wasiƙa mai sa hannun John Bolton, wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajenta, cewa ba ta da niyyar shiga. Ranar 30 ga Yuni 2002, jajibirin haihuwar kotun, Amurka ta hau kujerar naƙi kan tsawaita aikin kiyaye zaman lafiya a Bosniya, ta yi garkuwa da shi har sai da aka ba ta ƙuduri na 1422 mai kare sojojinta na shekara guda. An sabunta shi a 2003. A 2004 hotunan azabtar da fursunoni a Abu Ghraib suka fito, ba ta sami ƙuri'un da take buƙata ba, ta janye.

A Agusta 2002 ne aka sa hannu a Amurka kan dokar da masu sukarta suka raɗa wa suna dokar mamaye Hague. Ta ba shugaban Amurka izinin amfani da duk hanyar da ta wajaba don ƙwato Ba'amurke ko ɗan ƙawayenta da kotun ta tsare. Ka tuna birnin Hague a Holan yake, ƙawar Amurka a ƙungiyar NATO. Daga nan aka bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ana neman su sa hannu cewa ba za su taɓa miƙa Ba'amurke ga kotun ba, ana fakewa da sashe na 98 na yarjejeniyar. Kimanin ƙasashe 100 suka sa hannu. Nan ne abin ya zo ƙofar gidanmu. Najeriya ta sa hannu a 2003, zamanin Obasanjo. Nijar, wadda tana cikin ƙasashe goma da suka miƙa takardunsu ranar 11 ga Afrilu 2002 suka cika adadin 60 da ake jira kotun ta tabbata, ta tsinci kanta cikin ƙasashe 35 da aka dakatar wa taimakon soja a Yuli 2003, tare da Mali da Binin da Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Talaka ne aka ce masa ya zaɓa tsakanin alƙawarin da ya ɗauka da abin da zai sa a baka. Daga baya manyan hafsoshin Amurka da kansu suka koka cewa ana kora musu abokan hulɗa zuwa hannun Sin, har sakatariyar harkokin wajen Amurka Condoleezza Rice ta ce a 2006 abin ya yi kama da mutum ya harbi kansa a ƙafa. An sassauta yanke taimakon, amma yarjejeniyoyin ba a yage su ba.

To, idan ka zauna da lauyan Amurka mai hankali, ba zai tsaya kan wannan ba. Zai ce maka: muna da kotunan soja, muna hukunta namu, kuma sashe na 17 na Yarjejeniyar Roma ya ce kotun Hague ba ta shiga sai inda ƙasa ta kasa ko ta ƙi. Wannan ita ce hujjarsu mafi nauyi, kuma adalci ne a faɗi inda ta yi gaskiya. Robert Bales, wanda ya fita cikin dare a Maris 2012 ya kashe mutum 16 a ƙauyukan Kandahar, yana ɗaurin rai da rai. Sojojin da suka yi wa yarinya 'yar shekara 14 fyaɗe suka kashe ta da iyayenta da ƙanwarta a Mahmudiyya a 2006 sun sha ɗauri mai tsawo. Ƙasashe da yawa da suke zagin Amurka ba su taɓa yi wa sojansu ko rabin haka ba.

Amma duba ɗaya gefen littafin. A My Lai ta Biyetnam, a Maris 1968, an kashe ɗaruruwan ƙauyawa, lissafin mutanen ƙasar ya kai 504. Mutum ɗaya aka samu da laifi, Laftanar William Calley, shi ma ɗaurin rai da rai ya koma ɗaurin talala na shekara uku da 'yan watanni. A Haditha, Nuwamba 2005, an kashe fararen hula 24 har da mata da ƙananan yara, shari'a ta ƙare a 2012 ba wanda ya yi zaman kurkuku, jagoran rukunin rage masa igiya kawai aka yi. Asibitin likitocin agaji na MSF a Kunduz ta Afghanistan, Oktoba 2015, jirgin yaƙin Amurka ya kai masa hari ya kashe mutum 42, aka ladabtar da jami'ai 16 ta hanyar ofis, babu tuhuma ko ɗaya. A Kabul, ranar 29 ga Agusta 2021, jirgi maras matuƙi ya kashe mutum 10 'yan gida ɗaya, 7 yara ne, ma'aikatar tsaro ta amsa kuskure ne kuma ta ce ba wanda za a hukunta. Sojojin hayan Blackwater huɗu da kotun Amurka da kanta ta ɗaure kan kisan dandalin Nisur a Bagadaza, Donald Trump ya yi musu afuwa a Disamba 2020.

In ka jera waɗannan gefe da gefe, wani zare zai fito maka, kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. Wanda ake hukuntawa shi ne wanda ya yi gaban kansa, ya kunyata rundunar. Inda laifin ya fito daga umarni ko daga tsari, nan shari'a take tsayawa cak. A Abu Ghraib ƙananan sojoji 11 aka samu da laifi, Charles Graner ya sami shekara 10, Lynndie England shekara 3, janar ɗin da ke kula da gidajen yarin kuwa an mayar da ita kanar. Lauyoyin gwamnati da suka rubuta takardun halatta gana azaba ba wanda ya tsaya gaban alƙali. Binciken da aka yi kan mutuwar fursunoni a hannun CIA an rufe shi a Agusta 2012 babu tuhuma. A 2014 Obama ya faɗa da bakinsa cewa sun azabtar da wasu mutane, a Disamba na shekarar majalisar dattawa ta fitar da taƙaitaccen rahotonta kan yadda aka yi, amma shi dai ra'ayinsa tun farko a dubi gaba kada a waiwaya. Ita kuwa kotun Hague ba don kurtu aka gina ta ba. Sashe na 27 ya ce muƙami ba ya kare kowa, ko shugaban ƙasa ne. Sashe na 28 ya ɗora wa kwamanda alhakin abin da yaransa suka yi idan ya sani ko ya kamata ya sani bai hana ba. Saboda haka idan ka ji ana cewa ana kare samarinmu da ke bakin daga, fakewa ake da guzuma ana harbin karsana. Ministan tsaro ake karewa, da shugaban hukumar leƙen asiri, da mai zama a Fadar White House.

Fatou Bensouda, 'yar Gambiya, mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ita ce ta gwada taɓa wannan wuri. Rahoton ofishinta na 2016 ya ce akwai dalilin gaskata cewa sojojin Amurka sun azabtar da aƙalla fursunoni 61, CIA kuma aƙalla 27, wasu a Afghanistan, wasu a kurkukun sirri a Poland da Romaniya da Lituweniya, dukkansu ƙasashen da ke cikin kotun. A Nuwamba 2017 ta nemi izinin bincike. A Satumba 2018 Bolton, wanda lokacin yake ba Trump shawara kan tsaro, ya yi jawabi ya ce a wurinsu kotun ta riga ta mutu. A Afrilu 2019 aka soke mata biza, kuma cikin watan alƙalan matakin farko suka ƙi ba ta izini, wai binciken ba zai amfani adalci ba tunda ba za a sami haɗin kai ba. Na karanta hukunce-hukunce da yawa masu rauni, amma wannan ya fi ba ni kunya, domin ma'anarsa duk wanda ya isa ya ƙi ba da haɗin kai ya tsira. Ɓangaren ɗaukaka ƙara ya rushe shi ranar 5 ga Maris 2020. Amsar Washington ita ce takunkumi: a Satumba 2020 aka sa Bensouda da abokin aikinta Phakiso Mochochoko, ɗan Lesotho, cikin jerin da ake sa 'yan ta'adda da dillalan ƙwaya. Lokacin shugaban kotun ɗan Najeriya ne, Chile Eboe-Osuji. Biden ya ɗage takunkumin a Afrilu 2021. Bayan wata biyar sabon mai gabatar da ƙara, Karim Khan, ya sanar cewa saboda ƙarancin kuɗi da ma'aikata zai mai da hankali kan Taliban da reshen IS na Khurasan, sauran a ajiye su gefe. Ba a ce an rufe ba, an dai sa a ƙasan tari. Wannan lallashi bai saya wa kotun zaman lafiya ba. Bayan sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a Nuwamba 2024, Trump ya sa wa Khan ɗin takunkumi a Fabrairu 2025, sannan a Yuni aka bi alƙalai huɗu, ciki har da Solomy Bossa ta Yuganda saboda hukuncin Afghanistan na 2020, da Reine Alapini-Gansou ta Binin.

Abin da ke ƙara wa mutane ɗaci shi ne ita Amurkar ce ta koya wa duniya wannan karatu. A Nuremberg, a Nuwamba 1945, babban mai gabatar da ƙararta Robert Jackson ya gargaɗi alƙalai cewa ƙoƙon gubar da za a miƙa wa waɗanda ake tuhuma, an kai shi bakin masu tuhumar su ma. Kuma ko bayan duk wannan rigima ba ta daina amfani da kotun ba idan ta ga dama. Bosco Ntaganda, madugun 'yan tawayen Kongo, ofishin jakadancin Amurka a Kigali ya shiga ya miƙa kansa a 2013, daga can aka wuce da shi Hague. Dominic Ongwen na 'yan tawayen LRA na Yuganda ta hannun sojojin Amurka ya bi a 2015. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma bai fasa tashin wasu ba.

Yanzu ga maganar ficewa, kuma nan zan rabu da kai. Da farko, cewa kotun ta bi Afirka tana farauta rabin labari ne. Yuganda, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Mali gwamnatocinsu ne suka kai ƙara da kansu, galibi don a kama musu abokan gaba. Gbagbo ma kotun ce ta wanke shi a Janairu 2019. Na biyu, ficewa ba ta goge abin da ya wuce. Sashe na 127 ya ce sai bayan shekara guda da miƙa sanarwa take aiki, kuma laifin da aka yi lokacin da ƙasa take ciki yana nan. Filifin ta fice a 2019, amma a Maris 2025 aka ɗauki tsohon shugabanta Rodrigo Duterte a jirgi zuwa Hague.

Na uku shi ne wanda nake so ka yi tunani a kansa sosai. Ƙofa ɗaya ce tak sojan babbar ƙasa irin Amurka da ba ta cikin kotun zai iya faɗawa hannun wannan kotu, ita ce ƙofar ƙasar da aka yi laifin. Ita ce ta ba Bensouda hurumi a Afghanistan, ita ce ta kai ga sammacin Putin, ita ce Amurka ta kwashe shekara ashirin da ɗoriya tana ƙoƙarin toshewa da barazana da kuɗi. Ƙasar da ta fice, da hannunta ta toshe musu ita kyauta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu a Satumba 2025, suka kira kotun makamin sabon mulkin mallaka. Sojojin Amurka sun riga sun bar sansanin Agadez a 2024, amma Sahel ba ta rabu da baƙin sojoji ba, wasu ne suka maye gurbin wasu. Ranar da ficewar ta tabbata, baƙon soja ko sojan haya daga ƙasar da ba ta cikin kotun, idan ya harbe ƙauyawa a yankin, ya sami irin kariyar da Bolton ya nema wa nasa. Haka ma sojan gida. Ka lura da su wa suka fi ɗaga murya kan ficewa a nahiyar nan. Burundi ce ta fara fita a Oktoba 2017, daidai lokacin da ake duba kashe-kashen da suka biyo bayan tazarcen Shugaba Nkurunziza.

Inda aka taɓa ja da Amurka aka ga wani abu, kusan kullum a gida aka yi. A 2011 Iraƙi ta ƙi ba sojojin Amurka kariya daga kotunanta, wannan na cikin dalilan da suka sa suka tattara suka fita a Disamba na shekarar. A 2009 wata kotu a Milan ta Italiya ta sami Amurkawa 23 da laifi, galibinsu jami'an CIA, kan sace limamin nan ɗan Masar Abu Umar a kan titi, duk da cewa a bayan idonsu aka yi shari'ar. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta sami Poland da laifi a 2014, Romaniya da Lituweniya a 2018, kan kurkukun sirrin da suka ba da masauki, ta umarce su su biya diyya. Saboda haka in kana neman inda za ka kai wannan ɓacin rai, tambayi 'yan majalisarku me aka rubuta a yarjejeniyar zaman baƙin sojoji, wace kotu ce ke da hurumi idan baƙo ya kashe ɗan ƙasa, kuma ina aka kwana kan takardar 2003 da Najeriya ta sa wa hannu.

Najeriya ma tana da nata fayil a Hague. A Disamba 2020 Bensouda ta kammala binciken share fage na shekara goma, ta ce akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram ta aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, haka ma wasu jami'an tsaron Najeriya. Amsar da Abuja ta saba bayarwa ita ce muna da kotunanmu, za mu binciki namu da kanmu, wato sashe na 17 ɗin nan da lauyoyin Washington suke riƙewa. Mutanen Baga da iyalan waɗanda aka tsare a barikin Giwa a Maiduguri suna cikin masu jiran wannan bincike.